Mi Ya Gama Ɗan Tawa da Ruwa?

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini duk sauran labaran ƙuruciya, na san wannan ɗaya zai bar mini shi don ya riƙa tsokana ta. Labarin daminar da na zama kapiten ne, ni da ko a bahon wanka ban taɓa nutsa kaina ba.

Ina shekara ta uku a jami'a lokacin, ina karatun harkar kasuwanci. Da bakans ta zo, wato dogon hutu, wata cibiya a nan Yamai ta shirya zama na musamman. An gayyato ɗalibai daga ƙasashe daban-daban, aka haɗa su da mu ƴan gida. Da safe darasi kan yadda ake kafa sana'a, da yamma yawon ganin gari da al'adu. A ƙarshe kowane rukuni zai kawo dabarar kasuwancinsa gaban alƙalai, a zaɓi waɗanda suka fi.

Rukuninmu mu huɗu ne. Akwai Tiyago daga Birazil, ƙaton mutum mai dariya kamar ana gangara ganga, kullum da kamera a wuya. Kalma biyu ya koya a Hausa, "ina kwana", kuma ya riƙe su da gaske: ko bayan magariba ya haɗu da kai, ina kwana zai ce maka. Akwai Mira daga Indiya, ƴar ƙarama mai sanyin murya, wadda ba ta cin nama. Sai Salma daga Maroko, shugabarmu, mai kaifin kai da kaifin ido. (Ba sai na ɓoye muku ba, tun ranar farko da Salma ta gyara zaman tabaronta ta kalle ni, na fara sa turare sau biyu a yini.) Faransanci ne ya haɗa mu duka, kowa da irin karyewar harshensa.

Mun ji daɗin zaman nan ƙwarai. Na kai su Zongo suka ga teloli da masu shaguna, Tiyago ya ɗinka riga mai aiki a wuya ya ƙi cire ta har ta fara tsami. Na ba shi kilishi mai yaji, ya yi hawaye, ya share, ya miƙo hannu a ƙara. Ran da suka zo cin abinci gidanmu a unguwar Yantala kuwa, yayata ta kasa gane zancen Mira.

"Ba ta cin nama? To kaza fa?"

"Ita ma nama ce, Yaya."

"Kifi?"

"Shi ma."

Yaya ta kalli Mira da tausayi kamar marainiya, ta koma madafa ta haɗo mata dambu da zogale, ta zuba ƙuli-ƙuli. Mira ta cinye tas, ta nemi a rubuta mata yadda ake yi.

A ranar ne na haƙa wa kaina rami. Bayan cin abinci muka taka zuwa wajen lambuna, sai ga kogin Isa shimfiɗe a gabanmu, ya cika ya yi ja saboda ruwan damina, rana tana sauka a kansa. Duk suka tsaya suna kallo. Salma ta juyo ta ce, "Ashe a bakin kogi kake zaune? Ka yi sa'a. Lalle ka san shi sosai."

Gaskiyar magana ita ce, iyayena mutanen Tawa ne, garin da babu kogi. Aikin gwamnati ya kawo babana Yamai, a nan aka haife ni, amma a gidanmu kogi abu ne da ake kallo daga kan gada, a cikin mota, gilashi a rufe. Ban taɓa shiga kwale-kwale ba. Ban iya iyo ba. Ko ruwan sama ya taru a ƙofar gida, zagayawa nake. Da na faɗi haka da an yi dariya an wuce. Amma Salma ce ta yi tambayar, kuma tana kallona.

Na sa hannu a aljihu, na dubi ruwan kamar tsohon abokina, na ce, "Kogin nan ai a cikinsa muka girma."

Baki in ya fara zuba ba ya jin birki. Na ce muna yara mukan haye shi da iyo mu je mu ɗebo mangwaro a tsallake. Na ce ina gane zurfin wuri daga launin ruwa. Tiyago ya dafa kafaɗata har na kusa durƙushewa, ya ce daga yau sunana Kapiten. Sunan ya bi ni har cibiya, ni kuma ina amsawa da fara'a. (Ban tuna ba a lokacin cewa a garin nan kapiten sunan kifi ne ma, giwan ruwan da ake gasawa a ci da yaji.)

Washegari Salma ta zo da dabara. Ta ce tun da muna da gwanin kogi a cikinmu, sana'armu ta zama yawon yamma a kwale-kwale: a haɗa kai da masu jirage, a ɗauki baƙi da ƴan gari, a ba su shayi da abincin gida a kan ruwa, su kalli faɗuwar rana. Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce madalla.

Mira ce kaɗai ta ɗaga hannu. Ta ce ita fa tana tsoron ruwa, kuma ta tabbata akwai irinta da yawa. Ya kamata a sa jile a lissafi, rigar nan mai hana nutsewa.

Na yi murmushin manya na ce, "Mira, jile ai na yara ne. A kogin nan idon gwani ake bukata, kuma kuna da shi."

Aka bar zancen jile.

Saura gwaji. Dole mu shiga ruwa da kanmu, Tiyago ya ɗauki bidiyon da za mu nuna wa alƙalai. Ni aka ɗora wa neman jirgi. Na yi ta tambaya a bakin lambuna har aka haɗa ni da Baba Jibo, wani dattijo Bazabarme mai doguwar fuska, wanda ba ya yawan magana. Zabarmancina na kasuwa ne, na sayen tumatir da gaisuwa, shi kuma Hausarsa ta fi Zabarmancina kaɗan. Muka dai fahimci juna.

Ranar tafiya na fito cikin farar shadda sabuwa, da hula, da baƙin tabarau, da takalmi sau ciki. Baba Jibo ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe a kan takalmin. Yaya ta soya mana fari masa, ta cika babbar buta da bisaf, wato zoɓo, mai sanyi.

Da na sa ƙafa ɗaya a jirgin, ya yi wani lilo. Na yi maza na zauna a tsakiya, na riƙe gefe da gefe da hannu biyu.

"Kapiten, lafiya?" in ji Tiyago.

"Nauyin jirgi nake daidaitawa," na ce.

Mira ta lallaɓo ta zauna kusa da ni, fuskarta ta yi fari. Ta ce a hankali, "Zan iya zama nan? Na fi samun natsuwa kusa da wanda ya iya ruwa."

"Zauna abinki. In wani abu ya faru, ki riƙe ni kawai."

Baba Jibo ya tura jirgi da doguwar sandarsa, muka rabu da gaɓa. Kuma wallahi abin ya yi kyau. Iska mai sanyi, ƙanshin ciyawa, tsuntsaye farare suna komawa kwana, masu wanki a bakin ruwa suna ɗaga mana hannu. Gari ya koma can nesa, ƙarar motoci ta zama kamar ta ƙudan zuma. Salma ta cire tabarau tana dariya, abin da ban taɓa gani ba. Tiyago ya gai da wani masunci da ina kwana, masuncin ya amsa da lafiya lau. Har Mira ta saki jiki ta tsoma yatsa a ruwa. Ni ma tsoron ya ɗan lafa, na saki hannu ɗaya na ci fari masa. Na ce a raina, ashe abin ba wuya, da ma can kapiten ne ni ban sani ba.

Sai Tiyago ya ɗaga kamera ya ce, "Kapiten, je ka gaba ka tsaya, ka yi wa baƙi bayanin kogi. Hasken nan ba zai jira mu ba."

Na rarrafa zuwa gaba (na ce musu haka ƙwararru suke tafiya a jirgi), na miƙe a hankali. Na fara bayani. Muna bi ta gefen wani tsibiri mai dogayen ciyayi sai Mira ta ce in tambayi Baba Jibo ko akwai dorina a nan.

Na tambaya. Ya ce akwai, amma sun fi zama can sama, jefi-jefi ne suke gangarowa. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ni kuma da na juya zancen zuwa Faransanci sai na ƙara gishiri. Na ce dorina tana iya raba jirgi biyu da cizo ɗaya. Na ce ta fi doki gudu. Na ce alamarta ita ce ka ga baƙin kai da ƙananan kunnuwa a saman ruwa, ka ji huci. Na ce in an gamu da ita babban abu shi ne natsuwa, kada kowa ya motsa.

Ban rufe baki ba na ji huci a bayana.

Na waiwaya. Daga cikin ciyawa, ga baƙin kai ya fito, ga kunnuwa biyu, ga hanci yana feso ruwa, kuma wajenmu ya nufo.

Abin da ya biyo baya, a bidiyo na gan shi daga baya, don ni hankalina ba ya wurin. Na yi tsalle zan gudu. Ina zan gudu a cikin kwale-kwale? Ban sani ba, ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Na taka kwanon fari masa, na haye kan Mira, jirgin ya karkata, takalmi sau ciki ya yi aikinsa, na tafi da baya cikin kogin Isa, hula gabas tabarau yamma.

Na nutse, na taso, na cafki gefen jirgi. Da na ja shi sai butar bisaf ta kife a kaina. Na duba ƙirjina na ga farar shadda ta yi jawur. Shi ke nan, na ce ta cije ni. A nan Faransanci ya gudu ya bar ni, Hausar Yamai ma ta gudu, sai Adarancin kakata, Hausar mutanen Tawa, ya taso tun daga ƙasan ciki. Na buɗe murya iyakar ƙarfina:

"Wayyo Inna, ta kashe ni! Jini! Ni ɗan Tawa na, mi ya gama ni da ruwa! Ku fisshe ni, ban iya ba, wallahi ban taɓa iyawa ba!"

Na yi kalmar shahada, na sake yi, ina ta harba ƙafafu. Ina jin Baba Jibo yana cewa, "Tun ka kay, tun ka kay," wato tashi ka tsaya, amma kunnena ba ya karɓar saƙo. Sai na ji ƙaramin hannu ya damƙi wuyan rigata. Mira ce, mai tsoron ruwa, wadda na ce ta riƙe ni in wani abu ya faru. Ta sunkuyo dab da fuskata ta ce da sanyin muryar nan tata, "Ka sauke ƙafafunka ƙasa."

Na sauke. Suka taɓa laka. Na miƙe tsaye.

Ruwan iya cibiyata ne.

Dorinar kuwa ta zo ta wuce ta gabana a natse, ta kalle ni da ido ɗaya. Maraƙi ne baƙi, ko ƙaho bai gama fitowa ba, an bar shi a baya yana bin garke zuwa gaɓa. Can kan tudu makiyayin yana tsaye, ya saƙale hannuwa a sanda, yana kallon ikon Allah. Masu wanki sun bar wanki. Wata mata ta zauna daɓas a kan kayanta tana riƙe da ciki.

A cikin jirgi ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Tiyago ya cije leɓe har jijiyar wuyansa ta fito. Salma ta juya tana kallon faɗuwar rana da wani irin naci, kafaɗunta suna rawa. Baba Jibo ya kamo hulata da sandarsa, ya miƙo mini tana ɗiga, ya ce da Hausarsa, "Kapiten, za ka shigo, ko za ka ƙarasa da ƙafa?"

A nan Tiyago ya fashe, sauran suka bi. Ni ma da na ga ba mafita, na yi ta dariya ina tsaye a ruwa, bisaf yana gangaro mini ta kunne.

Washegari na so in ce zazzaɓi ya kama ni, amma na daure na je. Na same su sun kewaye kwamfuta. Salma ta ce, ba wasa a fuskarta, "Mira ta yi gaskiya, mu muka yi kuskure. Da wurin da zurfi, da yanzu wani zance ake. Jile zai zama ginshiƙin sana'ar nan. Kuma faɗuwarka ita ce hujjarmu mafi ƙarfi. Ka yarda mu nuna ta?"

Na ƙi. Suka lallashe ni. Na tuna aikin da muka sha tare, ga shi ni na jawo, sai na yarda bisa sharaɗi ɗaya: a cire murya, a sa kiɗa. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne, duk jirgin Baba Jibo kaɗai ya gane abin da na faɗa. Tiyago ya ɗora hannu a ƙirji ya yi alkawari, kuma ya cika, na ga bidiyon da idona, da kiɗan gurmi mai daɗi.

Ranar rufe taro zaure ya cika. Malamai, iyaye, manyan ƴan kasuwa, ɗaliban sauran rukunoni. Babana yana layin gaba cikin babbar riga, shi da abin da ya sani kawai shi ne ɗansa ne ke kula da ɓangaren jirgi. Muka hau dandamali sanye da jile ruwan lemo a kan kayanmu. Salma ta yi bayanin riba da kashewa, Mira ta yi na abinci, ni na yi na tsaro. Da aka zo bidiyo, kwamfutar Salma ta ƙi magana da majigi. Aka yi ta jan waya ana mayarwa, mutane suka fara tari. Tiyago ya yi maza ya zaro tasa ya haɗa, ya danna.

Ga kogi, ga rana, ga ni a tsaye cikin farar shadda. Sai na lura ba gurmi. Muryata nake ji tana cewa babban abu shi ne natsuwa, kada kowa ya motsa. Na dubi Tiyago, shi ma ya dube ni, ya dafe kai. Bidiyon asali ya saka, mai murya.

Mai kula da na'urar sauti kuwa, Allah ya saka masa, ya ga kamar muryar ta yi ƙasa, ya ƙara.

"Ni ɗan Tawa na, mi ya gama ni da ruwa!"

Bangon zauren har amsawa ya yi. Sai ga ni a bidiyon na miƙe, ruwa iya cibiya, maraƙi ya wuce. Daga nan dariya ta taso daga baya kamar ruwan sama mai zuwa da iska. Hausawa suka fara, Zabarmawa suka karɓa, baƙi suna ta waige suna tambayar me ya ce. Mai gabatar da taro, mutumin kirki mai son kowa ya amfana, ya ɗauki mikoro ya fassara musu zuwa Faransanci kalma bayan kalma, har da wayyo Inna. Aka sake sabon zagaye.

Ni ina tsaye a gaban jama'a cikin jile, a kan busasshen siminti, ina roƙon ƙasa ta tsage. Na saci kallon babana. Ya cire tabarau yana goge ido da hannun riga, hularsa ta karkace.

Da aka lafa, ɗaya daga cikin alƙalan, wani Alhaji mai shigo da kaya daga Kwatano, ya jawo mikoro. Na ce yau na mutu karo na biyu.

"Yaro, ɗan Tawa kake da gaske?"

"E, Alhaji. Iyayena dai."

"To ni ma can aka yanke mini cibiya. Na fi shekarunka a garin nan, amma har gobe in mota ta hau gada, addu'a nake sai mun sauka." Ya jira dariya ta wuce, sannan ya ce, "Irinmu muna da yawa, kuma muna da kuɗin shiga jirgi, tsoro ne ya hana mu. In akwai rigar nan, kuma aka ce mini wanda ya fi ni tsoro ya shiga ya fito, zan kawo iyalina. Ku zo ku same ni a shago mu yi maganar jile."

Mu muka zo na biyu. Waɗanda suka zo na ɗaya sun yi wani abu a kan busar da albasa, kuma na tabbata yau ba mai tuna su. A mota, da muka kusa gida, babana ya ce, "Kakarka da ta ji Adarancin nan da ta yi alfahari da kai." Ya sake fashewa, har sai da ya tsaya a gefen hanya.

Ran da baƙinmu za su tafi mun rungumi juna a filin jirgi kamar ƴan uwa. Mira ta tafi da ƙullin busasshen zogale daga Yaya. Salma ta ce mini in ta sake zuwa tana so ta same ni na iya iyo da gaske (maganar turare dai ba ta je ko'ina ba, ta yi aure a garinsu, na aika da fatan alheri). Tiyago kuwa ya samu cikakkiyar jimlarsa ta farko a Hausa. Da ma'aikacin da ke duba fasfo ya tambaye shi ƙasarsa, sai ya dafa ƙirji ya ce shi ɗan Tawa na, mi ya gama shi da ruwa. Mutumin ya daɗe yana duba fasfon.

Na koyi abubuwa da yawa a zaman nan, na kasuwa da na zama da mutane, amma biyu ne suka zauna mini daram. In dai sai ka yi cika baki, to ka yi shi a kan abin da ba za a ce ka gwada ba. In kuma ka riga ka faɗa, kafin ka tara jama'a da ihu, ka fara miƙa ƙafa ka ji ko akwai ƙasa.